GYARAN MOTAR DIZAL: A BARI KO A KWANCE?

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana gudana tsakanin masu motocin dizal a ƙasashen Turai, wadda mu ke ganin ya kamata masu karatu su san asalinta. Ga yadda maganar ta ke. Kamfani ya sayar wa mutum da mota, daga baya aka kama kamfanin da maguɗi a cikin injinta, hukuma ta tilasta masa ya kirawo motar ya sake mata manhajar da ke sarrafa injin. Mai mota ya kai, aka sake, ya komo gida, sai ya ga kamar motar ta rage ƙarfi, ko ta ƙara shan mai, ko ta riƙa kai shi gareji fiye da yadda ya saba. Ga kuwa wani makanike a bayan gari ya ce in aka ba shi ɗan abin da ya samu, zai mayar da tsohuwar manhajar cikin sa'a guda, mota ta koma yadda ta ke a dā. To, mai mota ya yarda ko kada ya yarda?

Mu dai amsarmu ita ce kada ya yarda. Amma ba za mu faɗi haka mu wuce ba sai mun ba mai motar gaskiyarsa, domin yana da ita, kuma ba kaɗan ba.

Asalin al'amarin shi ne, a shekarar 2013 waɗansu masu bincike na Jami'ar West Virginia a Amurka suka ɗaura na'urar awon hayaƙi a jikin motoci uku na dizal, suka fita da su kan hanya suna tuƙi kamar yadda kowa ke yi. Biyu daga ciki na kamfanin Volkswagen ne na Jamus, watau Jetta da Passat. Abin da suka gani ya ba su mamaki, domin motocin nan biyu da suka ci jarrabawar hukuma a ɗakin gwaji, da suka hau titi sai ga shi suna fitar da iskar nan mai guba da masana ke kira nitrojin oksaid ninkin-ba-ninkin abin da doka ta yarda. Kamfanin ya yi fiye da shekara guda yana kawo uzuri iri iri, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A ranar 18 ga Satumba, 2015, Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta bayyana wa duniya cewa motoci wajen 482,000 da aka sayar a ƙasar suna ɗauke da wata dabara ta yaudarar masu awo, kuma waɗansunsu na fitar da gubar har ninki 40 na ƙa'ida. Bayan kwana huɗu kamfanin ya amsa da bakinsa cewa motocin da abin ya shafa a duniya duka sun kai miliyan 11. Kashegari shugabansa, Martin Winterkorn, ya sauka daga kujerarsa.

Ita dabarar ba wani ƙarfe ba ne da za a kwance a nuna wa alƙali. Rubutu ne a cikin 'yar kwamfutar da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, wadda ke yanke yawan man da za a fesa, da lokacin fesa shi, da yawan iskar da za ta shiga. An koya wa manhajar ta gane sa'ad da a ke gwada motar, ta wajen lura da gudunta, da tsawon lokacin da inji ya yi yana aiki, da kuma cewa ƙafafu na juyawa alhali sitiyari bai motsa ba. Da ta ga haka sai ta shiga halin kirki, ta rage guba. Da an sauko da ita kan titi sai ta koma wani halin. Ba ta da bambanci da ɗan kasuwar da ke ajiye mudu biyu, cikakke domin ranar da masu duba awo za su zo, bugagge kuwa domin sauran ranakun Allah.

Sai an fahimci abin da ya sa suka yi haka kafin a fahimci kukan masu motoci. Injin dizal yana ƙona mai da zafi mai tsanani da iska mai yawa, shi ya sa ya ke da ƙarfi da tsimin mai. To, amma zafin nan shi ne ke haɗa nitrojin da iskar shaƙa su zama gubar da mu ke magana. Hanya mafi arha ta rage ta ita ce a buɗe wani bawul a mayar da wani kashi na hayaƙin cikin inji, don ya sanyaya wutar. Sai dai in wuta ta sanyaya, man ba ya ƙonewa sarai, kunkunniya ta yi yawa. Ita kunkunniyar tana taruwa a bakin bawul ɗin, tana kuma cika matatar da aka sa mata a cikin salansa, har ya zama tilas mota ta riƙa fesa ƙarin mai lokaci lokaci don ta ƙone abin da ya taru. Ashe ke nan in ka danne guba kunkunniya ta tashi, in ka danne kunkunniya guba ta tashi. Akwai hanya ta biyu wadda ta fi tsabta, watau a sa tanki na musamman da ruwan yuriya da a ke sayarwa da sunan AdBlue, a riƙa fesa shi cikin salansa yana warware gubar. Amma wannan na cin kuɗi, yana kuma cin wuri a cikin ƙaramar mota. Injiniyoyin da aka ɗora wa nauyin ƙera injin da a ke kira EA189 sun rasa yadda za su cika ƙa'ida da kuɗin da aka yanka musu, sai suka zaɓi ƙarya.

Da asiri ya tonu, sai aka yi wa cuta ɗaya magani iri biyu. A Amurka, alƙali Charles Breyer na Sanfaransisko ya amince a watan Oktoba 2016 da sulhun da ya kai dala biliyan 14.7. Aka ba mai mota zaɓi, ko kamfani ya saye motarsa, ko a gyara masa in hukuma ta yarda da gyaran, kuma ko wanne ya zaɓa za a ƙara masa diyya tsakanin dala 5,100 da 10,000. Aka kuma ɗaure kamfanin da sharaɗin cewa lalle ya gyara ko ya janye kashi 85 cikin 100 na motocin. Motoci wajen 350,000 aka saye aka jibge a manyan filaye, har da wani a hamadar Kaliforniya. A Janairu 2017 kamfanin ya yarda zai amsa laifi gaban shari'a, aka ci shi tarar dala biliyan 4.3, kuma a ƙarshen shekarar aka ɗaure wani babban ma'aikacinsa, Oliver Schmidt, shekara 7.

A Turai kuwa, inda motocin suka kai wajen miliyan 8.5, abin da aka ba jama'a shi ne gayyata zuwa gareji. Masu inji mai lita 1.2 da mai lita 2.0 aka sake musu manhaja kurum, aikin kamar rabin sa'a. Masu lita 1.6 aka ƙara musu wata 'yar raga ta roba a bututun iska. Aka fara aikin a Janairu 2016. Kamfanin ya yi alkawarin cewa ƙarfin mota ba zai ragu ba, shan mai ba zai ƙaru ba. A Jamus, inda motoci miliyan 2.4 suka shiga lissafi, hukumar kula da motoci ta KBA ta mai da gyaran dole, wanda ya ƙi kuwa a kan soke masa izinin hawa titi, kotuna kuma suka goyi bayan haka. A Ingila, mai motoci wajen miliyan 1.2, aka bar wa kowa ganin damarsa. Ko sisin kwabo ba a ambata ba da farko a matsayin diyya. Hujjar kamfanin ita ce dokar Amurka ta fi ta Turai tsanani. Haka ne, amma huhun Bajamushe bai fi na Ba'amurke ƙwari ba.

Daga nan ne kuka ya fara. Sabuwar manhajar ta cire wancan hali biyu, ta sa bawul ɗin mayar da hayaƙi ya riƙa aiki a kan titi fiye da yadda ya ke yi a dā. Mutane da yawa, musamman a Ingila, suka kai ƙara cewa bawul ɗin ya lalace bayan gyara, ko matata ta riƙa toshewa, ko kuwa suna cikin tafiya a babbar hanya mota ta sassauta da kanta ta koma rarrafe. Gwaje-gwajen da ƙungiyoyin masu motoci irin su ADAC ta Jamus suka yi wa waɗansu motoci sun nuna canjin ƙarfi da na shan mai ɗan kaɗan ne, kuma lalle ba kowace ɓarna ce za a ɗora wa manhaja ba, tun da ya ke motocin sun riga sun tsufa. Amma duk wanda ya fahimci yadda injin ke aiki ya san cewa bawul ɗin da aka ƙera don ya yi ɗan aiki, in aka ƙara masa kaya, dole ya gaji da wuri. Shi kansa kamfanin, ko da ya ke bai yarda gyaran na jawo ɓarna ba, a 2017 ya fito da wani alkawari na duba ƙarar da ta shafi sassa 11 na inji har wata 24 bayan gyara, muddin mota ba ta wuce kilomita 250,000 ba. Wanda ba ya tsoron ruwa ba ya yawo da laima.

Har wa yau tsugune ba ta ƙare ba. Hukumar muhalli ta Jamus ta auna a 2019 ta ga sabuwar manhajar ta rage gubar da kamar kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, kuma a kan titi motocin na fitar da fiye da ninki uku na miligiram 180 a kowace kilomita da dokar Euro 5 ta yanka. Sa'an nan ran 14 ga Yuli, 2022, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan waɗansu ƙararraki da kotunan Ostiriya suka miƙa mata. Bisa ga bayanin da aka gabatar, sabuwar manhajar ba ta rage guba sosai sai in zafin gari na tsakanin digiri 15 da 33, kuma in wurin bai kai tsayin mita 1,000 ba. Kotu ta ce dabarar da ke kashe tsabtace hayaƙi a galibin kwanakin shekara haramtacciya ce, ko da an ce don kare inji aka yi ta. A Fabrairu 2023 kotun gudanarwa ta Schleswig ta ce KBA ba ta yi daidai ba da ta amince da gyaran wata ƙirar Golf. Ashe gyaran da aka tilasta wa mutane shi ma da sauran rina a kaba.

To, mai karatu zai ce, in haka ne ina laifin wanda ya kwance? An cuce shi sau biyu, ranar saye da ranar gyara. Motarsa ce, kuɗinsa ne, shi ne zai biya makanike in bawul ya mutu. Wannan magana ce mai nauyi, amma duk da haka ba mu bi ta ba, saboda dalilai uku.

Na farko, mota tasa ce amma iska ba tasa ba ce. Hayaƙin da ke fita daga salansa ba ya shiga hancin direba, wanda ke zaune a gaba da gilashi a rufe. Yana shiga hancin yaron da ke tafiya makaranta a gefen titi, da tsohuwar da ke fama da ciwon fuka, da ɗan sandan da ke tsaye a mararraba tun safe. Gubar nan tana ƙona hanyoyin numfashi, tana kuma haɗuwa da waɗansu abubuwa a sararin sama ta zama ƙura mai laushi wadda ke kutsawa har cikin jini. Masana na jami'ar MIT a Amurka sun ƙiyasta a 2017 cewa rarar gubar da motoci miliyan 2.6 da aka sayar a Jamus suka fitar tsakanin 2008 da 2015 za ta jawo mutuwar mutum wajen 1,200 kafin lokacin da a ke zato, kuma fiye da rabinsu ba Jamusawa ba ne, mutanen maƙwabta ne irin su Folan da Faransa da Cak, domin iska ba ta san kan iyaka ba. Ragin kashi ɗaya cikin huɗu kaɗan ne, mun yarda, amma kaɗan a mota miliyoyi rayukan mutane ne. Wanda kamfani ya cuta ya huce a kan maƙwabcinsa, ya bar jaki yana dukan taiki.

Na biyu, kwancewa tana kashe hujjar mai ita. Masu motocin da suka riƙe takardunsu suka nufi kotu ba su tashi a tutar babu ba. Ran 25 ga Mayu, 2020, babbar kotun Jamus ta yanke cewa kamfanin ya cuci masu saye da gangan, tilas ya karɓi mota ya mayar da kuɗi bayan an cire ladan tafiyar da aka yi da ita. A shekarar nan kuma aka yi sulhu da mutane fiye da 200,000 a ƙarar haɗin gwiwa, kowa ya sami tsakanin yuro 1,350 da 6,257. A Mayu 2022 masu ƙara wajen 91,000 a Ingila da Wales suka sami fam miliyan 193. Amma wanda ya kai motarsa bayan gari aka taɓa ƙwaƙwalwarta, ya ba kamfani bakin cewa ɓarnar daga hannun wani ta fito. A Jamus canjin da ke ƙara hayaƙi yana soke izinin motar. A Ingila tun 2014 motar da aka cire wa matatar kunkunniya ba ta cin jarrabawar shekara shekara, kuma tarar hawanta na iya kai fam 1,000. Ban da haka, abin da a ke sayarwa da sunan tsohuwar manhaja sau da yawa ba ita ba ce. Wata ce da wani ya rubuta, ya kashe bawul ɗin gaba ɗaya, ba kuwa wanda ya gwada ta ko zai ɗauki alhakinta in inji ya buga.

Na uku, kuma shi ya fi damunmu, wanda ya kwance ya aikata abin da ya ke zargin kamfani da shi. Laifin Volkswagen shi ne ya nuna wa hukuma fuska ɗaya, ya nuna wa titi wata. Mutumin da takardarsa ke cewa an gyara motarsa alhali ya kwance gyaran a ɓoye, shi ma mudu biyu ya ajiye. Kada kuwa a ce ai mutum ɗaya ne. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta a 2020 cewa a cikin shekara goma an cire kayan tsabtace hayaƙi daga motocin a-kori-kura na dizal fiye da 550,000, adadin da ya zarce na motocin Volkswagen da aka fara kamawa a ƙasar. Kowane ɗayansu yana ganin nasa ba kome ba ne. Da haka ruwa ke cika tulu.

Wannan duka ba wanke hukumomi ba ne. A ganinmu, gwamnatin da ta tilasta wa talaka ya karɓi gyara, wajibi ne ta tilasta wa kamfani ya ɗauki nauyin duk abin da gyaran ya haifar, tsawon ran motar, ba wata 24 ba. Wajibi ne ta auna gyaran da kanta a kan titi, da rani da hunturu, ta buga sakamakon kowa ya gani. Inda manhaja ta kasa, a sa tankin yuriya da kuɗin kamfani, inda wannan ma ba zai yiwu ba a saye motar. Da an yi haka a Turai tun 2016, da makanikan bayan gari ba su sami kasuwa ba. Kada kuma a ɗauka kamfani ɗaya ne mai wannan hali. Fiat Chrysler a 2019, da Daimler mai Mercedes a 2020, da Cummins a ƙarshen 2023, duk sun yi sulhu da hukumomin Amurka a kan irin wannan zargi, na ƙarshen nan da tarar dala biliyan 1.675. Shi kuwa Volkswagen, abin ya ci masa fiye da yuro biliyan 30, kuma a 2023 wata kotu a Munik ta yanke wa tsohon shugaban Audi, Rupert Stadler, ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na shekara ɗaya da wata tara. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Saura kalma ɗaya ga mutanenmu. Motar da Turai ta gaji da ita ba a binne ta, jirgin ruwa a ke sa ta. Wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka suka nufa. In manhaja ta kan sassauta aikinta da zarar zafi ya wuce digiri 33, mai karatu ya tuna yadda bazara ta ke a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da ƙa'idar rage farar wuta a cikin mai da ta hayaƙin motocin da a ke shigowa da su, to, amma ƙa'ida a takarda ba ta tace iska sai an sami masu awo da na'urar awo a tashoshin ruwa da kan iyaka. Mu ma kuma muna da namu masu kwancewa, waɗanda ke fasa salansa su cire matatar da makanikai ke kira indomi su sayar, mai mota ya yi murna wai mota ta sami numfashi, alhali numfashin jama'a aka ɗauka aka ba ta.

Saboda haka shawararmu ga mai motar da aka gyara ta ba shi wahala ita ce, ya riƙe kowace takardar gareji, ya koma wa kamfani da ƙara, ya haɗa kai da 'yan'uwansa su nemi hakkinsu a gaban shari'a, ya matsa wa wakilinsa a majalisa. Hakkinsa na wuyan wanda ya sayar masa da ƙarya, kuma can ya kamata ya je ya karɓa. Allah ya sa shugabanni su tsare amanar jama'a, mu kuma ya ba mu ikon tsare hakkin maƙwabci, amin.